Jan Farcen Mai Takaba

Na san labarin da kuka tashi kuna ji a kaina, don haka kada wani a cikinku ya yi mini fuskar bai sani ba. An ce uwarku ta yi takabar ubanku da jan farce, tana raɗa da wani Ibo ta bayan ƙofar soro. An faɗa a gidan biki, an faɗa a gidan suna, har wata da ba ta taɓa ganin ƙeyata ba ta ja uwar mijin 'yar'uwarku Zainab gefe ta faɗa mata ranar kamu. Na yi shiru shekara da shekaru, kuma ba don ba ni da baki ba ne, kun dai san bakina. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannuna kafin a binne ni da labarin wasu. Jan farce dai ya shigo gidan, ban musa ba. Ibon ma ya zo, kuma yana da suna, Uche ake ce masa. Sauran sai ku karanta a hankali.

Babanku mai gyaran rediyo da talabijin ne a Fagge, a wani ɗan shago da tabarma biyu za su cika. Mutum ne da in ya ga abu mai waya a ciki sai ya buɗe shi, ko da lafiyarsa lau. A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, shi kuma ya ɗauko zancen kwamfuta ya ƙi ajiyewa. Ni na jawo. Tun ina budurwa nake buga tafireta a maɗaba'ar Alhaja Sikira, wata Bayarabiya haifaffiyar Fagge, kuma ko bayan aure ban daina leƙawa ba, har na koyi tsara katin biki da kalanda a kwamfutarta. Babanku ya ce siyasa ta dawo, kowane mai ƙaton ciki zai so ganin fuskarsa a bango, me zai sa in riƙa yi wa wasu aiki a kan kujerar aro? Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, sai ya shiga sayen kayanta guntu-guntu a wurin abokinsa Uche, mai shagon kayan wuta a Kasuwar Sabon Gari. Yau ya zo da fanka, wani watan ya zo da ram, wato ma'ajiyar tunanin injin, gilashin kallon ma na hannu ne, duk ya yi ja saboda tsufa. Kowanne ya shigo sai ya nuna mini, ya shafa shi, ya sa a kwalin madara ya tura ƙarƙashin gado. Furosesa ce ta zo ƙarshe, wato ƙwaƙwalwar injin, kuma wadda ta fi kowacce araha ya sayo. Ya ce ranar Juma'a zai haɗa. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin Juma'ar, ta biyu kuwa yana makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai Baffanku Sale, yayan babanku, ya tara mu a tsakar gida. Ba zan ce mugu ne ba, Allah ya ji ƙansa. Ɗan kasuwar Kwari ne da ya saba in ya yi magana an gama. Kai babba, ɗan farina, kana da shekara tara a lokacin, Zainab ta fara makaranta, Ummi kuwa ban daɗe da yaye ta ba.

"Gidan nan na haya ne, kuma Habibu bai bar gona ba," in ji shi. "In kin fita takaba, Kamilu ya dawo wurina, Zainab ta tafi Wudil wajen gwaggonta, ƙaramar ki tafi da ita gidanku. Kafin nan ko allura kada a fitar daga gidan nan sai an raba gado."

Na ce, "Yaya, in na iya riƙe su fa?"

"Da me? Da hawaye?"

Ya tafi ya bar mini Gwaggo Tabawa, ƙanwar kakarku, ta taya ni zaman takaba. Tsohuwa ce mai tsafta da son tsari, kuma ta zo da dokokinta a ka: ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba duba madubi, ba ɗaga murya. Ta danƙa mini wata 'yar wuƙa ta ce kada ta rabu da jikina. Wasu dokokin na addini ne, wasu na kakanni, ita dai ba ta bambanta su. Na karɓa duka ban yi musu ba, don hankalina ba ya wurin. Ina kallon ku ukun kuna cin tuwo a kwano ɗaya, ina ƙirga muku ranar da za a watsa ku kamar 'yan tsaki. Ban taɓa tsoron wani abu a duniya kamar yadda na ji tsoron ƙarewar takabar nan ba.

Uche ya zo gaisuwa ya zauna a soro, ni kuma na tsaya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce a ba shi kwalin ya kai shago ya haɗa, shi ne abu na ƙarshe da zai iya yi wa abokinsa. Na gaya masa dokar Baffa, ko allura ba ta fita. Ya ce to bari ya shigo ya haɗa a nan. Gwaggo, wadda ke zaune a turmi tana jin komai, ta yi gyaran murya irin wadda ta fi bulala.

Uche ya ce, "To Madam, kwali ba ya fita, ni ba na shiga. Wa zai haɗa?"

Na ce, "Ni. Kai dai ka zauna nan ka riƙa faɗa mini."

Ya yi dariya, sai ya ji ban taya shi ba, ya daina.

Haka muka yi. Yakan zo da hantsi kafin kasuwa ta cika, ya zauna a dakalin soro. Ni kuma in shimfiɗa tabarma a bayan ƙofa in baje kayan, Gwaggo tana gefe tana gadin mutuncin gida. Bai taɓa ganin fuskata ba a duk watannin nan, muryarsa kawai ke ratso katako. Abu na farko da ya ce shi ne in cire takalmi, in taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa komai, wai wutar da ke jikin mutum kaɗai tana iya kashe kayan. Gwaggo ta ce ita dama ta san abin nan ba zai rasa tsafi ba. Na ɗaura babban allon, wanda suke kira madabod, a cikin akwatin ƙarfe, ina juya sukudireban babanku. Ya ce in danna ram har sai na ji ƙas, na danna na ji kamar zan karya, na fasa, ya ce in danna dai. Furosesar kamar ɗan guntun allo take, da jerin haƙora masu ruwan zinariya a gindinta, ana cusa ta a wani dogon rami. Wayoyin ne suka ba ni wuya, don shi yana cewa ja da baƙi, ni ina ganin ja kala uku. Inda yatsa ya kasa shiga, da tsinin wuƙar Gwaggo na tura, ita kuwa tana ta salati.

Ranar da aka gama, muka jira wuta har azahar. Da aka kawo na yi bisimilla na danna maɓalli. Shiru. Na ji kamar an sake yi mini rasuwa. Uche ya ce kada in firgita, in duba 'yar siririyar wayar maɓallin, wataƙila na soka ta a maƙwabta. Haka kuwa aka yi. Na gyara na sake dannawa, fanka ta juya, injin ya yi ɗan kuka.

"Sau nawa ya yi kuka?" Uche ya tambaya daga soro.

"Sau ɗaya."

"Ya rayu! Madam, ya rayu!"

Na kifa kaina a kan akwatin na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza. Gwaggo ma ta share ido, amma da aka ɗauke wuta gilashin ya yi duhu ta hango fuskarta a ciki, sai ta zabura ta ce ashe madubi ne. Tun daga ranar, da zarar an kashe shi take rufe shi da zane.

Alhaja Sikira mace ce, ba mai hana ta shigowa, don haka ita da kanta take kawo mini aiki a faifan kwamfuta ta koma da shi maɗaba'a. Aiki kuwa kamar ruwan sama. An gama zaɓe ana jiran rantsuwa, kowace ƙungiya tana son kalandar taya murna, kowane kansila yana son hotonsa ya fi na ɗan'uwansa girma. Nan matsalar ta fito. Injin yana rubutu lafiya, amma da na ɗora masa manyan hotuna sai ya zama kamar tsohon jaki a yashi. In na ce ya juya hoto ko ya gyara kala, sai in je in ɗora tukunya in dawo yana nan yana tunani. Ga wuta ba ta zama. Sukan kawo ta su ɗauke kafin ka gama murna, kuma duk abin da injin bai ƙarasa ba ya tafi. Janareta kuwa ko a mafarki. Alhaja ta yi haƙuri sau ɗaya, ta yi sau biyu, a na uku ta zauna a bakin gadona ta kama hannuna.

"Ƙanwata, ina son ki, ina son yaran nan. Amma 'yan siyasa ba su san takaba ba. In aikin ba zai riƙa fita ba, dole in kai wani wuri."

Ban ga laifinta ba. Washegari na gaya wa Uche. Sai ya ce akwai wata dabara da masu sana'arsu suke yi. Wai wannan furosesa ta talaka da ta masu kuɗi kusan uwa ɗaya ta haife su, kamfani ne ya sa wa ta talaka takunkumi don kada ta kashe wa 'yar'uwarta kasuwa. A cikin haƙoran nan na zinariya akwai guda ɗaya da ke gaya wa madabod cewa a tafi a hankali. In aka rufe wannan haƙorin, madabod zai zaci mai tsadar ce, ya sake mata linzami. Gudunta ɗari uku ne, za ta koma ɗari huɗu da hamsin.

Na ce, "To me muke jira?"

"Tsaya, Madam. Za ta yi zafi sosai, ga shi bazara ta shigo. Wata tana ɗauka, wata ba ta ɗauka. In kin rufe haƙorin da ba shi ba, ko zafi ya yi mata yawa, tana iya mutuwa. In ta mutu kuma ba ni da wata da zan ba ki."

Ina so ku lura, bai ɓoye mini komai ba, kuma bai ce in yi ba. Na san abin da ke kan tabarmar nan dukiyar marayu ce, taku ce, ba a raba ba. Na san abin da Allah ya ce game da dukiyar maraya, ba sai wani ya ja mini aya ba. Na yini ina juya abin. In na bar injin yadda yake, zai zauna lafiya lau a rufe da zanen Gwaggo har ranar da za a sayar da shi, a sa ku a motoci daban-daban. In na sake masa linzami, ko ya ƙone ko ya riƙe ku. Ban ga amfanin dukiyar maraya tana nan garau marayan yana gidan wani yana jiran a ce masa ga ragowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce wa Uche a yi.

Da salatif muka fara. Na yanka ɗan siriri na manna, amma zafin garin ya narkar da danƙon, da na cusa furosesar sai ya zame. Uche ya ce abin da ya fi kamawa shi ne jan farce, a ɗiga a kan haƙorin a bari ya bushe. Ni kuwa ina zan ga jan farce? Mu lalle muka sani, abin da ke hana ruwan alwala taɓa farce ba ya shiga gidanmu. Ya ce ba komai, matarsa tana da shi. Washegari ya zo da 'yar kwalba ja wur, a naɗe a takarda, ya turo ta ƙarƙashin ƙofa. Shi inji kawai yake tunani, ni ma haka. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa namiji ne yake miƙa wa mai takaba kayan kwalliya a gaban Gwaggo Tabawa. Na ga ta kalli kwalbar, ta kalle ni, ta tsuke baki. Na ce, Gwaggo, na inji ne. Ta ce, "Uhm."

Na ƙirga haƙoran daga gefe kamar yadda ya ce, har na kai na ashirin da ɗaya, na sake ƙirgawa, na sa Zainab ta riƙe mini tocila ko da rana ce. Burushin kwalbar ya yi kauri, sai na karyo tsinken tsintsiya na tsoma, na shafa wa haƙori ɗaya tak ba tare da na taɓa na kusa da shi ba. Ɗakin ya gauraye da warin abin. Da ya bushe na mayar, muka jira wuta. Ta zo da la'asar. Na danna, injin ya yi kukansa ɗaya, sai ga lamba a gilashi, ɗari huɗu da hamsin. Na karanta wa Uche da ƙarfi har na manta dokar ɗaga murya. Na ɗora masa hoton wani shugaban ƙaramar hukuma mai babbar riga, wanda jiya ya sa ni dafa shinkafa ina jira. Kafin in gyara zama ya juya shi. Wallahi na ji daɗi irin na wanda ya ci zaɓe.

Zafin kuwa ya zo kamar yadda aka faɗa. In ya yi aiki ya yi aiki sai ya sandare, komai ya tsaya cik. Uche ya sa na cire murfin gefe na bar cikinsa a buɗe, Gwaggo tana cewa ko inji ne ai a rufa masa asiri. Na ciro wani faffaɗan ƙarfen gorar-ruwa mai tsaga-tsaga daga tsohuwar amfilifayar babanku ta ƙara sauti, aka yanka, na ɗaura wa furosesar don ya riƙa janye zafi. Sannan na ɗauko fankar tebur ɗaya tilo da muke da ita na kafa ta a bakinsa. Ku ukun kun sha zufa a bazarar nan inji yana shan iska, Zainab har yau tana yi mini gori. Amma daga ranar bai ƙara sandarewa ba. Aiki ya riƙa fita, Alhaja ta riƙa shigowa da fara'a, na fara auno hatsi da gumina ina cikin ɗaki.

Ashe Gwaggo ta aika wa Baffanku tun ranar kwalba. Ba na jin da mugunta ta yi, abin da idonta ya gani ta faɗa, sai dai kafin zancen ya je Kwari ya dawo ya yi 'ya'ya. Ya iso da hantsi ya tarar da Uche a soro. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya shigo tsakar gida ko sallamar kirki babu.

"Nuna mini hannunki."

Na miƙa masa duka biyun, gaba da baya. Ba komai a farcena sai baƙin man inji.

"Kin kankare."

"Yaya, ga inda jan farcen yake, zo ka gani." Na nuna masa cikin akwatin.

Ya leƙa ya ga hanjin inji a waje, fanka tana hura shi, ƙarfen amfilifaya a ɗaure da waya. Ya koma soro ya tambayi Uche me aka yi wa kayan marayu. Da Uche ya so, da ya ce gyara ne kawai, Baffa bai san komai a kai ba. Amma ba maƙaryaci ba ne. Ya ce an ƙara masa gudu.

"Zai iya ƙonewa?"

"Zai iya, Alhaji. Amma ya zuwa yanzu..."

"Tashi ka fita. In na ƙara ganin ƙafarka a ƙofar nan sai dai a ji mu a wurin hukuma."

Uche ya tashi ya tafi. Mutumin da ya bar shagonsa ya yi ta zama a dakali don amanar abokinsa, ko ruwan gidan bai taɓa sha ba, shi aka mayar kwarto a bakin mutanen Fagge. Har matarsa zancen ya kai wa, ta zo da kanta ta gaishe ni don ta nuna wa unguwa ba ta yarda ba. Duk wanda a cikinku ya taɓa maimaita wannan ƙazafi, ko da a zuci, ya nemi gafarar Allah, don Uche ya riga mu gidan gaskiya ba za ku same shi ba.

Na fita takaba ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sabuwar gwamnati. Gari ya cika da fastoci, wasunsu daga ɗakina suka fito. Aka kira malamin rabon gado, dangi suka cika tsakar gida. Na ɗauka maganar ta ƙare, tunda kowa ya ga na riƙe ku da hannuna. Sai Baffa ya gyara hula ya ce shi ya sauko.

"Ba zan raba yaran ba. A sayar da akwatin nan tun yana da rai, a adana wa marayu haƙƙinsu. Ta zauna da su ukun, hatsi da haya suna wuyana. In kuwa ta ce sai akwati, to a ba ta shi a tumuninta da rabon 'ya'yanta mata, babur ɗin Habibu da kayan shago su zama na Kamilu, shi kuma ya bi ni yau ɗin nan. Ba zan bar ɗan Habibu namiji ya tashi a gidan da ake irin wannan ba."

Tsakar gida ta ɗauki kabbara, kowa yana cewa Alhaji ya yi adalci. Ni kuwa Mairo nake tunawa, matar wani ƙanensu da ya rasu kafin babanku. Ita ma haka aka ce mata, hatsi da haya suna wuyan Alhaji. Shekarar farko buhu ya zo a kan lokaci. Ta biyu sai an aika an sake aikawa. A ta uku aka ce nauyi ya yi yawa, aka kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, aka ce ta je ta yi aure. Ba ta iya cewa komai ba, don bakin da aka ciyar ba ya musu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na ce, "Ina son akwatin, kuma ina son 'ya'yana duka."

Baffa ya ce, "Ɗaya za ki zaɓa."

Gwaggo ta sunkuyo ta ce mini in ji kunya, ɗan fari ai dama ba na uwa ba ne, wace mace ce take tsayawa gaban surukai tana ja a kan ɗanta na fari? Kun san al'adar. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba, sai dai in ce yaron nan, ko kai. Daga baya na ji daga bakin masu ilimi cewa shari'a ni ta ba riƙonka har ka balaga, da na je gaban alƙali da na dawo da kai. Ranar dai ba wanda ya faɗa, har malamin da ke riƙe da littafi. Ka kuma tuna ba a sa ka fita ba. Kana tsaye a jikin randa da kofin silba a hannu, kana kallon bakina.

Na ce, "A bar mini akwatin."

Ka ji da kunnenka, don haka ba zan ce maka ba haka na faɗa ba. Na faɗa. Kuma ban rubuta wannan don in nemi gafarar kowa ba. Injin da aka ce zai ƙone bai ƙone ba, ya yi ta gudu da jan farcensa har ya tsufa, ya biya haya, ya kai Zainab da Ummi inda suke a yau, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofata ya ce mini nauyi ya yi yawa. Da na ba da shi, da ku ukun zan rasa, a hankali, ina godiya ana karɓewa. An ba ni zaɓi tsakanin a yanke mini hannu yau ko a yanke duka biyun baɗi, na miƙa ɗaya. In da za a dawo da ranar, da mutanen, da abin da na sani a lokacin, amsar nan dai zan sake bayarwa. Amma kada ka zaci ba ta yi mini ciwo ba. Ta yi, tana kuma yi har yanzu, duk ranar da ka zo gaishe ni ka zauna a bakin kujera ka ce mini Hajiya kamar baƙo.

Na haɗa maka kayanka a jakar leda, na sa maka takalmin sallarka a sama. Baffa ya ɗora ka a bayan besfa. Ka gaya wa matarka, ita kuma ta gaya wa Ummi, cewa da kuka kai bakin layi ka waiwaya ba ka ga kowa a ƙofar ba. Gaskiya ne. Ina tsaye a wurin har ya tayar da mashin. Sai yaran unguwa suka ɗauki ihun an kawo wuta, ga kalandar wani kansila Alhaja tana jira a kai mata kafin magariba, ga 'yan'uwanka mata biyu riƙe da zanena, kuma yanzu ba ni da kowa sai wannan akwatin. Na juya na shiga. Na yaye zanen, na kunna fanka, na danna maɓalli, ina kallon gilashin ba na ganin komai saboda hawaye. Hoton mutumin ya fito yana murmushi. A ƙarƙashinsa, inda ya kamata in sa sunan mai girma kansila, yatsuna suka buga Kamilu. Na ƙara masa girma har ya cika gilashin, na karanta shi a fili, ni kaɗai a ɗaki. Shi ne karo na farko da sunanka ya fita daga bakina, kana bayan besfa ba ka ji ba.

Sannan na goge, na rubuta na kansilan.